Awon ciki: me ungozoma take nema a jikinki?

Waɗanda data ba ta bari su saurari muryar ba, ga rubutun nan kamar yadda muka saba. A karanta a nutse, a tura wa na kusa.

Yau maganar awon ciki za mu yi. Aikina ke nan, ni ungozoma ce, a kan teburin awo da ɗakin haihuwa nake wuni. Samari da angwaye, don Allah kar ku ce hirar mata ce ku wuce. Akwai rabonku a ciki, zan zo kanku.

Akwai wata magana da nake yawan ji daga bakin mata, musamman masu cikin fari da kuma waɗanda suka haihu da yawa. Ita ce: "Ni fa lafiyata ƙalau, me zai kai ni awo?" To 'yar'uwa, amsar wannan tambayar ita ce shirinmu na yau gaba ɗaya. Yawancin abubuwan da ke kashe mai ciki a ɓoye suke farawa. Jini yana hawa kina shara kina girki ba ki sani ba. Jinin jikinki yana raguwa, ke kina cewa kasalar ciki ce. Ranar da abin zai bayyana kowa ya gani, sau da yawa ya riga ya yi nisa. Aikin ungozoma shi ne ta gano shi tun yana ƙarami, lokacin da ƙwaya 'yar kaɗan za ta iya tare shi.

Bari in ba ku lissafi don mu san girman abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kusan 287,000 ne suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa. A cikinsu kusan 82,000 'yan Najeriya ne. Wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, ƙasa ɗaya tak. Sannan binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna cewa mata 67 cikin 100 ne suka ga ƙwararren ma'aikacin lafiya don awo, 57 ne suka je sau huɗu ko fiye, 39 kacal suka haihu a asibiti. A Arewa maso Yamma kuwa, masu haihuwa a asibitin ba su kai mata biyu cikin goma ba. Waɗannan lambobin 'yan'uwanmu ne fa. Kusan kowa a cikinmu ya san gidan da aka yi zaman makoki maimakon taron suna.

To yaushe ake fara awo? Da zarar kin ga batan wata, kin yi gwaji ya tabbata. Tun 2016 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas. A da sau huɗu ake cewa, aka ƙara. Zuwan farko kafin ciki ya wuce mako 12, sai mako na 20, na 26, na 30, na 34, na 36, na 38, da na 40. Kin lura yadda ranakun ke matsowa kusa da juna a ƙarshe? Saboda a nan ne matsaloli suka fi tasowa. Asibitinku na iya ba ki ranakun da suka ɗan bambanta da waɗannan, ki bi abin da aka rubuta miki a kati.

Na san inda gizo ke saƙar. Kunya. Amarya mai cikin fari ba ta son a sani, sai ta ce sai ciki ya fito, ko sai ya fara motsi. Wata kuma tsoron baki take, kar a yi ta magana a kan cikin tun bai yi ƙwari ba. Na fahimta, kuma ba na cewa ki yi shela a unguwa. Ki saka hijabinki ki zo, abin da kika faɗa wa ungozoma amana ne, aikinta ya hana ta kai shi waje. Wancan binciken na 2018 ya nuna mata 18 ne kawai cikin 100 suka fara awo a watanni ukun farko. Alhali a waɗannan watannin ne ake halittar ƙwaƙwalwa da laka da zuciyar jariri. A lokacin ne hoton ciki ya fi faɗin gaskiyar kwanakin ciki. A lokacin ne kuma ake gano cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda idan ya fashe zai iya kashe mace cikin 'yan awanni.

Yauwa. Yanzu mu shiga ɗakin awon tare, in nuna miki dalilin kowane abu da ake yi miki, don ki daina ganin kamar ɓata lokaci ne.

Abu na farko tambayoyi ne. Za a tambaye ki ranar da jinin al'adarki na ƙarshe ya fara. Da ita ake lissafin lokacin haihuwa: a ƙara kwana 7, sannan a ƙara wata 9. Misali idan ya fara 10 ga Janairu, ana sa ran haihuwa wajen 17 ga Oktoba. Kwana 280 ke nan, mako 40. Idan da watan Musulunci kike ƙirga, wajen wata tara da rabi ne, don haka kar hankalinki ya tashi don kin shiga wata na goma. Kuma mata kaɗan ne ke haihuwa a ainihin ranar da aka rubuta. Daga mako 37 ciki ya isa haihuwa. 'Yan mata da amare, ku riƙa rubuta ranar al'adarku a waya, wata rana za ta yi amfani.

Za a tambayi cikin da kika yi a baya. A nan ina roƙonki, kar ki rage ƙidaya. Wasu matan ba sa lissafa ɓari, ba sa lissafa ɗan da ya zo ba rai, saboda zafin tunawa. Allah Ya ba da haƙuri, amma ungozoma tana buƙatar sani. An taɓa yi miki aiki? Kin taɓa zubar da jini bayan haihuwa? Kin taɓa jijjiga? Kina da sikila, ciwon suga, ko hawan jini tun kafin ciki? Duk waɗannan suna canza yadda za a kula da ke, da ma asibitin da ya kamata ki haihu. Ku kuma iyayenmu masu cewa "na haifi bakwai a ɗakina ba abin da ya same ni", Allah Ya ƙara lafiya, amma daga haihuwa ta biyar zuwa sama haɗarin zubar jini ƙaruwa yake. Mahaifar da ta sha aiki ba ta saurin tsukewa kamar da.

Sai awon jini, wannan abin da ake ɗaura miki a damtse yana matsewa. Idan ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, ungozoma za ta gyara zama. Shi ya sa kuma ake ba ki 'yar kwalba ki kawo fitsari. Ana tsoma wata 'yar takarda a ciki, idan launinta ya nuna sinadarin furotin yana zuba a fitsari, ga kuma jini ya hau bayan mako 20, to alama ce ta ciwon da ke kai wa ga jijjigar masu ciki. Wannan jijjigar, wadda mace ke sandarewa tana taune harshe, a wasu gidajen har yanzu ana cewa iska ce, a kama hayaƙi da tofi. 'Yan'uwa, a yi addu'a, addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza, amma a yi ta a cikin mota ana hanyar asibiti. Akwai allurar da ake kira magnesium sulphate, tana tsayar da jijjigar kuma tana hana ta dawowa. Idan kuma tun a awo aka gano, ana ba da maganin saukar da jini, a sa miki ido, wani lokacin a yanke shawarar a haihu da wuri. Fitsarin nan dai yana nuna suga, yana kuma nuna ciwon sanyin mafitsara, wanda kan janyo naƙuda kafin lokaci.

Sai ɗibar jini. Na san wasu na ƙorafin an cika kwalabe. Ga abin da ake dubawa. Na ɗaya, yawan jininki. Idan ma'aunin ya gaza 11, akwai ƙarancin jini. Macen da ta shiga naƙuda da cikakken jini za ta iya jure zubar da ba makawa sai an yi. Wadda ta shiga da ɗan kaɗan, wannan zubar ce za ta kayar da ita. Na biyu, rukunin jini, saboda ko da za a buƙaci ƙari. Idan rukuninki mai alamar negatif ne, jaririn kuma fozitif, jikinki na iya ƙera abin da zai yaƙi jinin 'ya'yan da za su biyo baya. Akwai allurar da ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa don hana hakan. Mata nawa ne suka yi ta ɓari ko haihuwar ɗa ba rai ana cewa asiri ne, alhali allura ɗaya ce aka rasa? Na uku, ƙanjamau, ciwon hanta, da tunjere. Dukkansu uwa na iya ba wa jariri, kuma dukkansu akwai hanyar kare shi idan an sani da wuri.

Daga nan sai a ce ki hau gado. Ungozoma za ta ɗauko tef irin na tela ta auna daga ƙashin mara zuwa saman mahaifa. A mako 20 saman mahaifa yana daidai cibiya. Daga mako 24 kuma, santimita nawa tef ya nuna yakan yi kusa da makonnin cikin. Idan ciki mako 32 ne tef ya nuna 27, ko dai jariri ba ya girma yadda ya kamata, ko ruwa ya yi kaɗan, ko lissafin kwanakin ne ya kuskure. Idan ya zarce sosai, ƙila tagwaye ne, ƙila ruwa ne ya yi yawa. Za ta lallatsa ta ji inda kai yake. Wajen mako 36 ana son kai ya juyo ƙasa. Idan jariri a zaune yake ko a gicciye, gara a sani yau a shirya, da a sani tsakar dare hannu ya riga ya fito. Sannan ta kafa wannan ɗan ƙahon a cikinki ta kara kunne, ko ta sa na'ura, ta saurari bugun zuciyarsa. Daga 110 zuwa 160 a minti ɗaya shi ne daidai.

Bari in tsaya a kan sikanin, domin yanzu ya zama yayi. Wasu sun mayar da shi madadin awo. A je shago a biya, a ce namiji ne ko mace, a fito da hoto a ɗora a sitatus, shi ke nan an gama. Hoton ciki yana da amfani sosai, ana so a yi aƙalla sau ɗaya kafin mako 24. Yana nuna kwanakin ciki, yana nuna tagwaye, yana nuna idan mabiyiya ta tare ƙofar mahaifa. Amma ba ya auna hawan jininki, ba ya faɗin ko jininki ya yi ƙasa. Ki yi hoton, ki kawo wa ungozoma takardar ta haɗa da sauran bayanai.

Mu zo kan magunguna. Akwai ƙwayar ƙarin jini, yawanci ja ce, da 'yar ƙaramar rawaya mai suna folik asid. Kullum ake sha. Ita 'yar rawayar tana kare jariri daga tawayar laka da ƙwaƙwalwa, kuma aikinta mafi girma a makonnin farko ne, shi ya sa ma aka fi so mace ta fara sha tun tana neman cikin. Ƙwayar jinin tana sa bahaya ya yi baƙi, ba matsala ba ce. Idan tana tayar miki da zuciya, ki sha bayan cin abinci ko da dare. Kar ki kora ta da shayi, shayi yana hana jiki tsotsarta, lemon zaƙi kuwa taimaka mata yake. Zancen cewa tana sa jariri ya yi ƙato har haihuwa ta gagara, wallahi ba haka ba ne. Ki haɗa da abincinmu na gida: zogale, alayyahu, rama, wake, ƙwai, kifi, nama idan ya samu.

Akwai Fansidar, ƙwaya uku a lokaci ɗaya, don rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Ana farawa bayan watanni ukun farko sun wuce, a bar aƙalla wata ɗaya tsakani, a sha aƙalla sau uku kafin haihuwa. Za ki ce ai ba ki da zazzaɓi. To ƙwayar cutar tana iya taruwa a mabiyiya ta yi lamo, ke ba ki ji zafin jiki ba, ita kuma tana cin jininki tana rage wa jariri abinci, ya zo ɗan mitsitsi. Shi ya sa a asibitoci da yawa ake cewa ki haɗiye a gabanmu. Ba rashin yarda ba ne, mun san jaka tana cinye magani. Gidan sauro kuma a kwana a ciki, kar a kai shi lambu a rufe tumatir.

Sai allurar kafaɗa, ta rigakafin ciwon sarƙe haƙora, wanda a asibiti ake kira tetanus. Ana yin ta farko, bayan mako huɗu a yi ta biyu, kuma ana so ta biyun ta riga haihuwa da aƙalla mako biyu. Idan mace ta cika guda biyar a tsawon lokacin da aka tsara, ta samu kariya har ƙarshen shekarun haihuwarta. Kariyar tana ratsawa zuwa jariri. Jaririn da ke daina kama nono a makon farko ya sandare, sau da yawa ta cibiya cutar ta shiga, ta reza marar tsabta ko abin da aka shafa.

To wace ce wannan matar da ke yin duk wannan? A Najeriya ungozomar asibiti makaranta ta yi. Akwai mai shekara uku a makarantar ungozoma, akwai wadda ta gama karatun nas ta ƙara wata 18, akwai ungozomar karkara mai shekara biyu. Dukkansu sai sun ci jarabawar hukumar da ke kula da nas-nas da ungozomomi ta ƙasa kafin a ba su lasisi. A 2009 gwamnatin tarayya ta fara wani shiri na tura ungozomomi ƙananan asibitocin karkara, saboda a can ne aka fi rasa su. Rahoton Asusun Kula da Yawan Al'umma na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ce duniya na da giɓin ungozomomi kusan 900,000, ya kuma ce da za a wadata ko'ina da ƙwararrunsu, za a iya kauce wa kusan kashi biyu cikin uku na mutuwar mata masu haihuwa. 'Yan mata masu neman abin karantawa, ga fili nan. Matanmu da yawa sun fi sakewa idan mace 'yar'uwarsu mai jin yarensu ce ke duba su.

Ungozoma tana kula da cikin da ke tafiya daidai daga farko har jego. Wani babban ɓangare na iliminta kuma shi ne sanin inda hannunta ya tsaya. Idan ta ce ki tafi babban asibiti ki ga likita, ba korar ki ta yi ba, wani abu ta hango. Kar ki koma gida ki ce sai an yi shawara mako biyu.

Ungozomar gargajiya fa? Iyayenmu ne, kuma sun yi wa al'umma hidima tun kafin a gina asibiti a garuruwanmu. Su ke yanke cibiya, su binne mabiyiya, su yi wankan jariri, su zauna da mai jego. Ba na raina su. Sai dai idan jini ya ɓalle, Inna ba ta da allurar tsuke mahaifa, ba ta da ledar jini. Idan kai ya maƙale, ba ta da ɗakin tiyata. Doguwar naƙuda ita ce babbar hanyar yoyon fitsari: kan jariri ya danne mafitsara a jikin ƙashi har naman ya mutu ya huje. Ku je Babbar Ruga a Katsina ku ga matan da ke jiran gyara, da yawansu yara ne ƙanana. Yankan gishiri ƙara ɓarna yake, ba ya buɗe hanya. Ungozomar gargajiyar da ta fi burge ni ita ce wadda ke rako mace asibiti da kanta, ta riƙe mata hannu. Haka nan jiƙe-jiƙen da ake ba mai ciki don naƙuda ta yi sauri, a yi hattara, wasunsu suna matsa mahaifa da ƙarfin da zai iya fasa ta.

Wani zai ce to idan awo ya nuna komai lafiya, ai sai a haihu a gida. A'a. Zubar jini bayan haihuwa yana zuwa ko ga macen da katinta ya yi kyau tun daga farko har ƙarshe, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu haihuwa a duniya. Idan jinin ya kai rabin lita, kamar ledar fiya wata ɗaya, an shiga haɗari. A asibiti ana yin allurar oksitosin da zarar jariri ya fito, don mahaifa ta tsuke. A 2023 an fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero Kano na cikin jagororinsa. Wata leda mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa, jinin ya taru a ciki a ga yawansa da ido, da ya kai layi sai a haɗa magunguna gaba ɗaya ba tare da jira ba. Hakan ya rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100. Kuma yawanci ungozomomi ne suka yi aikin da hannunsu.

To maza, ga ni na iso. Masana suna maganar jinkiri uku da ke kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyun farko a hannunku suke. Sau nawa ake kawo mana mace a galabaice, a ce tun asuba take zubar da jini amma maigida ya tafi kasuwar ƙauye, wayarsa ba ta shiga, ba wanda zai ba da izini? Ɗan'uwa, ka ba da izinin tun yau. Ka faɗa a gaban mahaifiyarka da maƙwabta: ko ba na nan, in abu ya taso a kai ta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka riƙa ajiye ɗan kuɗi tun ciki na wata uku. Ka karɓi lambar mai mota ko mai adaidaita biyu da za su ɗauka ko ƙarfe biyun dare ne. A wasu jihohin Arewa akwai direbobin ƙungiyar NURTW da aka horar don kai masu naƙuda asibiti, ka tambaya a tasharku. Ka san rukunin jinin matarka, ka tanadi mutum biyu da za su iya ba ta. Sannan ko sau ɗaya ne ka raka ta awo ka ji da kunnenka. Idan za ta tafi goyon ciki gidansu, ta tafi da katinta, kuma a san asibitin da ke kusa da can.

Ga alamomin da ba a jiran ranar awo, ba a jiran gari ya waye. Ku haddace su:

Zubar jini, ko kaɗan ne.
Ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi.
Kumburin fuska da hannaye.
Jijjiga ko suma.
Zazzaɓi mai zafi.
Ciwon ciki mai tsanani, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama.
Haki ko numfashi da ƙyar.
Fashewar faya ba naƙuda.
Jariri ya rage motsi ko ya daina.
Naƙudar da ta wuce awa 12.

A kan motsin jariri, kar ki yarda da masu cewa yana ragewa don haihuwa ta kusa. Salon motsin na iya canzawa saboda wuri ya matse, amma lafiyayyen jariri yana motsi har ranar fitowarsa. Ke kika fi kowa sanin ɗabi'arsa. Idan kin ji ya canza, ki zo a saurara a ranar.

Kafin in rufe, akwai saƙonnin da kuke turowa cewa layi ya yi tsawo, kuma wasu ma'aikatan suna da faɗa da wulaƙanci. Gaskiya ne, yana faruwa, kuma ba daidai ba ne. Za ka tarar da ungozoma ɗaya da mata sun cika benci har waje, amma gajiya ba ta halatta a ci mutuncin kowa. Kina da haƙƙin a yi miki bayani, a rufe labule, a nemi izininki kafin a taɓa ki. Idan an ɓata miki, ki kai ƙara wurin shugabar sashen, ko ki canza asibiti ki tafi da katinki. Abin da nake roƙo kawai, kar fushin mutum ɗaya ya sa ki zauna a gida da jinin da ba a auna ba.

Ga ɗan aikin gida. Mai ciki, ɗauko katinki yau ki duba abu uku: nawa jininki ya nuna a awon ƙarshe, mene ne rukunin jininki, yaushe ne zuwanki na gaba. Idan ba ki gane rubutun ba, ki tambaya ranar awo, ki ce malama don Allah karanta min. Wadda ba ta fara ba, ki shirya wannan makon. Wanda kuma ke da ƙanwa, ko yaya, ko matar aboki mai ciki, ya tura mata wannan rubutun.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu yi maganar jego: wankan ruwan zafi, kunun kanwa, kula da cibiya, da dalilin da ya sa ake so mai jego ta dawo asibiti ko da ta haihu lafiya. Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa, zan ɗauki wasu in amsa a shirin.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da za a haifa, Ya ba masu nema. Waɗanda suka rasu a kan gwiwa Allah Ya jiƙansu da rahama. Sai mun haɗu. Wassalamu alaikum.